Haƙorin Ruvimbo

Litinin, 5 ga Yuni, da safe

Sanyi. Shingirai, sabuwar jami'ar ofishinmu, ta sake ɗora kofin shayinta a kan fayil. Na ɗauke kofin, na goge wurin da hannun rigata a gabanta don ta ji kunya. Ba ta ji ba. Yarinyar nan digiri gare ta a aikin kula da yara, amma har yau ba a koya mata bambancin takarda da faranti ba.

Kotu ta sa ranar Ruvimbo: Alhamis, 29 ga wata. Fayil ɗinta ya cika, kuma ni na cika shi. Rahoton 'yan sanda na ranar da aka tsince ta a tashar mota tana jaririya. Katin asibiti. Cigiyar iyaye da aka buga a jarida, ba wanda ya zo. Shekarunta a gidan marayu, sai biyun da ta yi riƙo a hannun Kuda Mandizha da matarsa Sekai. Jami'an da suka riƙe maganarta duk sun tsallaka ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai na rage da makullin kabad. Saura Kuda da Sekai su sa hannu a gaban alƙali ta zama 'yarsu, ni kuma in ɗaure fayil in buga hatimi, ba mai sake buɗewa.

Abin farin ciki ne. Ban san me ya sa ƙirjina ya yi nauyi ba. Sanyi ne.

Laraba, 7 ga Yuni, bayan cin abincin rana

Kuda ya zo da kayan garejinsa, ya zauna yana murza hula.

"Baba Marufu, akwai matsala."

"Wace takarda ce babu?"

"Ba takarda ba ce. Tsohuwa ce."

Mahaifiyarsa, Gogo, ta sauka daga ƙauye da jaka biyu da kaza. Ta ce yarinyar da ba a san mutupo ɗinta ba, wato dabbar da ake kiran zuriyarsu da ita, ba za ta shiga zuriyarsu ba. Su Zaki ne tun kaka da kakanni. Ita wannan fa, Kifi ce ko Giwa? In ta kwanta ciwo, kakannin wa za a kira? In ta yi abin kirki, da wane kirari za a gode mata? In ta girma ta kwaso ɗan'uwanta ta ce shi za ta aura, wa zai sani? Ta rantse in Kuda ya sa hannu a haka, kada ya zuba ko ƙwayar ƙasa a kabarinta.

Na ce masa wa'adin riƙo ya ƙare. In ba a sa hannu ba, yarinya gidan marayu za ta koma, kuma shi ma ya sani.

Ya matso ya rage murya. "Baba, ka rubuta Zaki a wani lungu na fayil ɗin mana, in nuna mata. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani. Tunda nake ban taɓa rubuta abin da ban sani ba, ba kuma zan fara don wata mai kaza ba. Ya fita kamar wanda aka yi wa mutuwa. Na ji tausayinsa, amma na fi jin haushi.

Juma'a, 9 ga Yuni, da hantsi

Ranar ziyarar wata. Sekai ta shiga wurin Shingirai, Ruvimbo ta shige ƙarƙashin teburina kamar kullum, ta zazzage abin huda takarda a kanta wai amarya ce. Ban hana ta ba. Dama yana bukatar a zubar.

"Baban Kabad," in ji ta, "Gogo tana sona. Kullum nama!"

Sekai ce ta fayyace mini, idonta ya kumbura. Wai tunda wanda ya ci dabbar gidansu haƙoransa zubewa suke yi, Gogo ta ɗauki aniyar gano gaskiya ta baki. Ran Talata kifi. Ran Laraba zuciyar saniya. Jiya ƙafar akuya. Kowace safiya sai ta buɗe bakin yarinya ta leƙa kamar mai sayen jaki. Zaki da giwa ne suka gagara samuwa a kasuwa, ta ce za ta bar su sai ƙarshe.

Na ba matata Esinati labari da yamma. Ta yi dariya har da riƙe ciki, can sai ta tashi ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Lahadi, 11 ga Yuni, bayan coci

An yi wa jarirai uku baftisma. Mun fita da wuri saboda sanyi.

Talata, 13 ga Yuni, da rana

Haƙori ya fita.

Laraba, 14 ga Yuni, bayan an tashi aiki

Zan rubuta wannan a tsanake don kada in manta yadda aka yi mini.

Gogo ta zo ofis. Gajeriya ce, da bargo a kafaɗa da takalmin roba, Kuda na biye da ita yana sunkuyar da kai. Ta wuce layin mutane kamar ba ta gan su ba, ta kwance ƙullin hankici a kan teburina. Haƙori ne ɗan mitsitsi.

"Ɓera," ta ce. "Ran Litinin na ba ta gasasshen ɓeran gona. Ran Talata ga shi. Sai a rubuta."

Na ce, "Gogo, shekararta shida. Duk ɗan shida famfara yake yi. Ga katin asibiti."

"Ta ci kifi a shekara shida?"

"Ta ci."

"Ya fita?"

"Bai fita ba, amma..."

"To."

Ina cikin neman bakin magana sai shugabarmu, Amai Gwatidzo (Amai a yarenmu uwa ke nan), ta leƙo daga ƙofarta ta kira ni da mutupo ɗina yadda ta saba girmama ni shekara da shekaru: "Ɓera, in ka gama ka kawo mini rahoton wata."

Gogo ta juyo a hankali. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi kunnuwana. Sai kawai ta durƙusa a kan simintin ofis ta fara tafi irin na gaisuwar surukai.

"Ashe dangin yarinya na nan zaune kan kujera, muna ta asarar nama!"

Mutanen layi suka taya ta tafi. Wani da ya zo neman tallafin tsofaffi har ya fara yi mini kirarin gidanmu, kuma bai ma iya ba. Na ce Gogo ki tashi, nan ofishin gwamnati ne. Ta ce gwamnati ba ta da mutupo, ita ba da gwamnati take magana ba. Sharaɗinta ɗaya: su zo gidana da jama'arsu, su roƙi yarinya a hannun danginta kamar yadda mutane ke yi, in ba su. Ranar nan Kuda zai sa hannu ko da yatsun ƙafa ne.

Ta bar mini haƙorin. Ban san a wane fayil zan sa shi ba. Yana cikin aljihuna.

Alhamis, 15 ga Yuni, da safe

Magana ta zagaya gari. Mai sayar da masara a bakin ƙofa ta ce mini, "Barka, Sekuru," wato kawu ko kaka. Direban ofis ya kashe mini ido. Shingirai kuwa sai duban goshina take yi, tana duban hoton da ke fayil.

Na ce mata, "Yarinya, in kin gama awon, ki sauke kofinki."

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Amai Gwatidzo ta kira ni ta rufe ƙofa. Sai da ta gama dariyarta tsaf, ta share hawaye.

"Ɓera, doka ba ta san mutupo ba, ba ta kuma hana mutum ya karɓi baƙi a gidansa ba. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kar ka yi ba. Amma in ka amsa sunan dangi, ko da baki ne, ba ka sake taɓa fayil ɗin nan. Ka rubuta mini dalili, ka miƙa wa Shingirai."

"Shingirai!"

"Ita ce jami'ar shari'ar."

"Amai, miya za ta zuba masa."

"To ka riƙe fayil ɗinka, Gogo ta riƙe ɗanta, gidan marayu su riƙe yarinya. Kowa ya riƙe nasa."

Matar nan ba ta da tausayi. Tun yarinyar nan ba ta da suna nake riƙe da takardunta. Ni na manna hotonta na farko, da gam ɗin da na saya da kaina. Yanzu a ce in miƙa wa mai kofi, don in je in zauna a tabarma in yi ƙaryar da na ƙi rubutawa.

Ba zan yi ba.

Asabar, 17 ga Yuni, da hantsi

Yaya Mirika ta bugo waya daga ƙauye. Har can labari ya kai.

"Erisha, ni ce babba a gidan nan, kada ka ɓoye mini. Taka ce?"

"Haba Yaya."

"In taka ce ka faɗa, zan zo in lallashi Esinati da kaina. Ba kai ne na farko ba."

Na ce mata likitan Harare ya amsa wannan tambayar tun ina da gashi a ka, ya ce ba zan haihu ba, kuma tana wurin. 

Can ta ce, "To. Wasu suna kawo wa danginsu jikoki, kai ka kawo mana fayil. Tana da kyau?"

"Tana da giɓi."

"Ɓeraye ba su taɓa cika gida har su ce ya isa ba. In ka yarda ni na yarda. Amma a gaya wa Zakunan nan akuya za su kawo, ba kaza ba. Mu ba matsiyata ba ne."

Na ce ban ce zan yi ba. Ta ce ta ji, ƙarfe nawa ake farawa?

Lahadi, 18 ga Yuni, da yamma

 Esinati ta wanke labule.

Litinin, 19 ga Yuni, da rana

Sekai ta zo ita kaɗai, ba ranar ziyara ba. Ba ta roƙe ni komai ba. Tambaya ta yi, wai in an mayar da yaro gidan marayu, ana barinsa ya tafi da bargonsa? Na ce zan duba ƙa'ida. Na san ƙa'idar. Na shiga bayan kabad na daɗe ina dubawa.

Talata, 20 ga Yuni, bayan an tashi aiki

Na hau kombi, bas ɗin haya, na je gidan Kuda don in kashe maganar. Na tarar da Gogo ita kaɗai a bayan gida tana ɓarzar gyaɗa. Na tsaya a tsaye, don in na zauna za ta ci ni.

Na ce, "Gogo, zan gaya miki gaskiya. Ban san jinin yarinyar nan ba. Ba wanda ya sani. Haƙorin nan lokacinsa ne ya yi."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗana, bakwai na haifa. Ni za ka koya wa famfara?"

Na zauna.

"Sati guda ina taɓa haƙorin nan da yatsa ina jiran ya nuna. Da na ga saura zare, na aika a nemo ɓera. Yarinya ce ta gaya mini akwai wani Ɓera a ofis da ke barinta ta yi masa ɓarna."

"To me ya sa kika tayar wa kowa da hankali?"

"Kai kana da alƙali ɗaya. Ni ina da tsofaffi a ƙauye, kowanne ya fi alƙalinka taurin kai. In na kai musu yarinya na ce daga tasha take, ranar da saniyar wani ta mutu ita za a nuna. In na ce 'yar Ɓera ce, mun roƙa an ba mu, shi ke nan, bakin kowa ya mutu." Ta hure ɓawon gyaɗa. "Sannan yaro yana bukatar gidan da zai ruga in an ɓata masa rai a gidansu. Kuda da zuciya. Ranar da ya yi mata tsawa, ina za ta? Kabad?"

Na ce amma ƙarya ce.

"Wa ya ce ka ce ka haife ta? Za a tambaye ka 'yar wa ce. Tun tana tsumma wa ke tsaronta? Wancan da ya tafi Ingila?"

Daga nan ta faɗi wata magana a kaina da Esinati, wai ta yi tambaya a cocinmu. Ba zan rubuta ba. Ta cika mini aljihu da gyaɗa, ta ce in gaida mai ɗakina.

Tsohuwar nan da gwamnati ta san da ita, da ta ba ta ma'aikata guda.

Laraba, 21 ga Yuni, da safe

Na rubuta dalili. Na miƙa fayil. Na ba Shingirai darasi a kan tsarin shafuka, ta ce, "Sekuru, zan kula da shi kamar ƙwai." Na ce na ga yadda take yi da ƙwai.

Na saya mata ɗan faranti na ɗora kofi. Ta sa 'yan kunnenta a ciki.

Alhamis, 22 ga Yuni, da yamma

Na tsara amsar da zan bayar in an tambaye ni, wadda ba ƙarya a cikinta: "Bisa ga bayanan da ke hannu, ba a tantance asalin yarinya ba, sai dai ta kasance ƙarƙashin kulawata ta fuskar takardu." Na karanta wa Esinati. Ta ce in na faɗi haka a gaban mutane, in nemi inda zan kwana.

Asabar, 24 ga Yuni, da almuru

An yi.

Yaya Mirika ta iso tun safe da wasu Ɓeraye biyu da ban taɓa gani ba, amma sun san inda tukunya take. Esinati ta tuƙa sadza, tuwon masararmu, kamar za a ciyar da barikin soja. Zakuna suka zo da hantsi, suka tsaya a bakin ƙofa suna tafi, Yaya ta hana a buɗe sai da ta ji kukan akuya da kunnenta.

Sekai ta kawo Ruvimbo tun jiya ta kwana a nan, don a ce daga gidanmu aka ɗauke ta. Ta kwana a ɗakin baya. Ban san yaushe Esinati ta fitar da keken ɗinki da buhunan masara daga ɗakin ba. Ban tambaya ba.

Aka zauna, mu a kujeru, su a tabarma. Zakuna a ƙasa, Ɓeraye a sama, Yaya ta ce a ɗauki hoto don ba lallai a sake gani ba. Mai magana da yawunsu, wani dattijo mai kwat da ya yi masa yawa, ya yi ta kewaye-kewaye, wai sun ga wata 'yar fure a gonarmu. Yaya ta ce gonarmu furanni da yawa, ya yi bayani. Ruvimbo na zaune a cinyar Esinati tana tura harshe cikin giɓinta.

Can dattijon ya tafa hannu ya nuna ta.

"Muna tambaya, wannan 'yar wa ce?"

Kowa ya dube ni. Na gyara murya. Na ce, "Bisa ga..."

"Tamu ce," in ji Esinati.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa jin wannan kalmar a bakinta ba, ban kuma san tana ajiye da ita ba. Hannunta na kan kitson yarinyar.

Dattijon ya dube ni. "Baba, haka ne?"

Na ce haka ne. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

"To mun zo roƙo. A ba mu."

Nan ne na gane mugun wayon al'adar nan. Ba a ce maka abu naka ne sai an zo karɓa. Esinati ta tashi da yarinyar, ta taka har tabarma, ta ɗora ta a cinyar Sekai. Ta ce, "Ga ta nan, Amai Ruvimbo. A riƙe mana da kyau." Sekai ta kifa kai a bayan yarinyar tana kuka, mata suka rangaɗa guɗa, Gogo ta share ido da bakin bargo tana cewa hayaƙi ne.

Ruvimbo ta ce, "Yanzu za a ci akuyar?"

An ci. Gogo ta ba ta ƙafa, ta ce ta ci ba fargaba, an riga an gano.

Litinin, 26 ga Yuni, da safe

Na ga zoben shayi a bangon fayil ɗin daga nesa. Ba ni da hurumi. Na fita na sha iska.

Alhamis, 29 ga Yuni, da la'asar

Sun sa hannu. Ban shiga ba, na zauna a bencin waje tare da dangi, tunda abin da na zama ke nan. Shingirai ta fito da fayil a ƙirji, ta ɗaure shi a karkace, ta buga hatimi a juye. Na buɗe baki, Gogo ta taka mini ƙafa.

Ruvimbo Mandizha. Ta nuna wa ɗan sandan kotu giɓinta, ta ce masa ita Ɓera ce amma a gidan Zaki take, kada ya ji tsoro.

Juma'a, 30 ga Yuni, da yamma

Kuda ya biyo da saƙon Gogo. Wai hutun Agusta yarinya za ta zo wurin danginta ta yi sati, haka ake yi, kada mu ce ba a gaya mana ba.

Da ya tafi, Esinati ta zauna a gabana ta fara jero tambayoyi. Me ta fi son ci? Tana tsoron duhu? A bar mata fitila ko a kashe? Tana son a yi mata tatsuniya, ko ta fi son waƙa?

Na san nauyin yarinyar nan wata bayan wata. Na san ranar kowace allura, da launin tawul ɗin da aka tsince ta a ciki. Na yi ta laluben kaina, na ce mata ban sani ba.

Esinati ta dube ni, ta ɗauko mayafinta, ta jefo mini hulata.

"To tashi mu je mu tambaye ta."